Boristenes da Kunyar Inna

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a Mandera inda aka haife mu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana baki da baki, ba ta zama a tabarmar da ya zauna. In ya shigo tsakar gida sai wani aiki ya taso mata a bayan ɗaki. In tana son ya ci abinci ni take kira, ta ce, "Ke, ce ma wancan tuwo na hucewa," alhali ga shi nan tsaye, da za ta miƙa hannu sai ta taɓa rigarsa. Shi ma sai ya dube ni ya ce, "Ce mata na gode." Ni ce ke bi masa, kuma ni ce mai baki a gidan, don haka tun ban yi wayo ba maganarsu ta bakina take bi. Ban ɗauki abin a bakin komai ba. Kunya ce, haka aka yi wa Baba a gidansu, haka ake yi a gidan maƙwabta.

Da aka yaye shi aka kai shi gidan Kaka, uwar Baba, can ƙarshen gari, a can ya tashi. Ya yi sakandare a Bodinga, kansa na ja, har ya samu gurbin karatun likita a ƙasar Yukiren. Ranar da zai tafi Inna tana daka. Ya tsaya a bakin madafi da jakarsa, ya ce mini in ce mata ya tafi. Ta ce in ce masa Allah ya kiyaye hanya. Taɓaryar ba ta tsaya ba har mashin ɗin da ya ɗauke shi ya fita gari.

Lokacin an yi mini aure a Bodinga, ina koyarwa a firamare, kuma ni kaɗai ce mai babbar waya a dangi. Duk Asabar nakan hau mota zuwa Shagari, daga nan kabu-kabu ya ƙarasa da ni gida. Bayan la'asar Yaya zai kira. Sai in kifa turmi a tsakar gida, in ɗora wayar a kai, in buɗe murya. Baba ya jawo kujerarsa, ƙannenmu su zagaye. Inna kuwa tana can gefe, ta ba mu rabin baya, tana tsintar shinkafa ko tana ware albasar da ta fara ruɓewa. Ba ta matsowa, amma ban taɓa ganin ta wuce inda muryar ke kaiwa ba.

Shekarar farko zancen sanyi ya yi ta yi mana. Daga baya ya koma zancen gulbi. Garin da yake yana bakin wani gulbi da ake kira Dnipro, mai faɗin da in ka tsaya a wannan gaɓa ba ka gane wanda ke waccan, namiji ne ko mace. Ya ce da sanyi ruwan daskarewa yake yi, mutane su hau kansa da ƙafa, su huda rami su zauna suna kama kifi. Baba ya ce wannan kam sai ya gani. Yaya ya aiko hoto. Baba ya daɗe yana dubawa, ya ce Allah mai iko, ya miƙo mini wayata.

Akwai wani ɗan Dingyadi da suke aji ɗaya, ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya. Wata rana suka shiga gidan tarihi na garin, don dai akwai ɗumi a ciki, shi ne Yaya ya fito mana da wani suna. Ya ce tun kafin zuwan Annabi Isa Girkawa sun san gulbin nan, kuma Boristenes suke ce masa. Ya sa ƙannenmu suka yi ta maimaitawa har suka iya. Ya ce da jiragen ruwa suke zuwa, suka kafa gari a inda gulbin ya faɗa teku, suna sayen alkama da gishiri da busasshen kifi suna kaiwa ƙasarsu. Har fuska suka yi wa gulbin a jikin kuɗinsu, wani tsoho mai gemu da ƙaho. Baba ya ce a'uzu billahi, ai wannan gunki ne, kada ya kuskura ya ajiye hotonsa a waya. Yaya ya yi ta dariya.

"Su kau masu ƙasar," in ji shi, ya ɗaga murya, "makiyaya na. Ba su da gari, ba su da gini, cikin amalanke sukan kwana, in ciyawa ta ƙare su tashi. Nono sukan sha. Kamar dai dangin su Inna, sai dai su nonon goɗiya na."

Dangin Inna Fulanin daji ne, har yanzu wasunsu suna yawo da shanu. Na ga hannunta ya tsaya a cikin faifai. Ba ta juyo ba. Sai da muka shiga madafi ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Nonon goɗiya yac ce?"

"Ki tambaye shi mana. Ga waya."

"Ke dai ba ki da ta ido," ta ce, ta ci gaba da hura wuta.

Ni fa daga baya abin ya ishe ni. In baro gidana, in baro maigidana da yara, in sha girgizar mota, in zo in zauna ana ba ni labarin ruwan da ba zan taɓa sha ba. Kowace Asabar da sabon Boristenes. Wata rana a tsakiyar mako na kira shi daga Bodinga, na ce, "Wai Yaya, likita kat tahi karantawa ko tarihin ruwa? Kai ba ka da wani zance?"

Ya ce, "Ba ke nika ba labari ba."

Kunya ta kama ni. Me mutum zai faɗa wa wadda ta ba shi baya? Ba zai tambaye ta lafiyarta ba, ba za ta amsa ba. Ba zai ce ya yi kewarta ba, tashi za ta yi. Amma labarin gulbi ba na kowa ba ne, za ta iya zama ta ji shi har ƙarshe ba wanda zai ce ta saurari ɗanta. Daga nan ban ƙara yi masa ƙorafi ba. In ya fara sai in ƙara muryar wayar, in karkata ta wajen da take.

Wanda ya fi shigarta shi ne labarin wani sarkin Farisa da ya ɗauko runduna mai yawa don ya ci makiyayan nan da yaƙi. Suka ƙi tsayawa su yi faɗa. In ya matso su kora dabbobinsu gaba, su cike rijiyoyi, su ƙone ciyawa, yana bi yana bi har yunwa da ƙishirwa suka mayar da shi gida. A ranar Inna ta ƙara mini man shanu a tuwo, ta ce, "Haka Hillani ka yi," kamar da kanta take magana. Yaya ya ce garin Girkawan yanzu kufai ne, duwatsu da ciyawa, sunan Boristenes ma ba mai faɗinsa sai a gidan tarihi da allon wasu shaguna. A Mandera kuwa har 'yar autarmu ta iya shi.

A shekararsa ta ƙarshe ya daina buɗe hoto in ya kira. Ya ce sabis ne. Muryarsa ta ragu, labarin ya gajarce, wani lokaci a tsakiyar magana sai ya tsaya yana numfashi. Ɗan Dingyadin ne ya kira ni ya faɗa mini gaskiya, sankarar jini ce, yana asibiti, kuma likitoci sun ce jikinsa ba zai ɗauki tafiyar jirgi ba. Da na kira Yaya na fara yi masa faɗan ɓoye mini, sai ya ce in bari, ba shi da ƙarfin faɗa. Ya ce shi ɗalibin likita ne, ya ga sakamakon gwajinsa da idonsa, ya san abin da ke ciki. Gadonsa yana bakin taga, yana hango gulbin, ya daskare fari fat.

"Abu guda nika so," ya ce. "In ji ta yi man magana. Ni, ba ke ba."

Na ce to.

"Sa'adda anka kai ni gidan Kaka an ce na yi ta kuka har muryata tad dushe. Ban sani ba ko ta ji, ko ta biyo sawuna ko sau guda. Ban taɓa tambaya ba, wa zan tambaya?"

Na nemi izini a makaranta na tattara na koma Mandera. Na zaci abu ne mai sauƙi. Na same ta a ɗaki na zauna na faɗa mata komai, ban rage ba, har da cewa ba a sa ran zai tashi. Ta saurara kanta a ƙasa. Na ce magana kawai yake so, ko kalma biyu. Ta ce Allah ya ba shi lafiya. Na ce ba ni za ta faɗa wa ba, shi. Ta tashi ta fita.

Baba ya yi mata magana. Aka kira Kawu daga Sifawa, wanda yake da makarantar allo, ya zo ya zauna a ƙofar ɗakinta ya ce mata wannan kunya al'ada ce, ba addini ba, kuma ɗa yana da haƙƙi a kan uwarsa. Ta ce to, ta gode. Da wayar ta yi ƙara bayan la'asar ta ɗauki tulu ta nufi rijiya, alhali randunan gidan cike suke. Ni kuma na buɗe baki. Na faɗa mata maganganun da ɗiya ba ta faɗa wa uwa. Na ce kunyar banza ce, na ce mutanen garin nan da take jin kunyarsu ba wanda zai shiga kabari da ita, na ce in ya mutu bai ji muryarta ba ita ta sani. Ba ta zage ni ba, da ma zagina ta yi. Ta dube ni ta ce, "Ba ƙi nika yi ba. Bakina na bai iya ba."

Wata rana na ɗora mata wayar a cinya, na riƙe mata zane don kada ta tashi. Yaya ya ce, "Inna." Ya jira. Ina jin ƙarar wata na'ura a bayansa. Leɓenta ya motsa, na rantse ya motsa. Can ta juyo gare ni ta ce, "Ce mishi Allah shi ba shi lahiya."

"Amin," in ji Yaya. "Ce mata na gode."

Na ɗauki wayar na zagaya bayan ɗaki don in yi kuka, kukan bai zo ba. Tun daga ranar na daina jin komai. Ina cin abinci, ina salla, ina barci har da minshari in ji ƙanwata. Fushin ma ya tafi. In ya kira in kifa turmi in ɗora waya, ya yi 'yar maganar da zai iya, in ce masa sannu, in kashe. Ban sake roƙon Inna ba.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne. An fara kawo albasa daga fadama, ina waje wajen rudu, inda ake jera ta don ta sha iska, ina taya ƙannena. Wayar na bar ta a ƙofar ɗakin Inna tana caji. Na sa wa lambar Yaya kiɗa daban, kowa a gidan ya san shi, amma ba lokacin kiransa ba ne, don haka ban kasa kunne ba. Da na shigo shan ruwa sai na ga waya ba ta wurin. Daga cikin ɗaki na ji muryar Inna.

Ta kira sunansa. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, har sai da na yi tunanin wa take nufi. Na leƙa ta labule. Tana zaune a bakin gado, ta riƙe wayar da hannu biyu ta manna a kunne, fuskarta na kallon bango.

"Ni ta," ta ce. "Kak ka yi magana, ka ji? Kak ka wahal da kanka. Saurara kawai. In ka yi magana ba ni iyawa."

Na tsaya a nan da moɗa a hannu. Ta ce masa duk labarin gulbin nan ta ji, ba ranar da ba ta ji ba. Ta faɗi sunan, Boristenes, daidai, ba gargada. Ta ce ta ji na masu nonon goɗiya, ta ji na sarkin da aka wahalar, ta ji na masu kama kifi a kan ƙanƙara, kuma ta san don ita yake yi. Muryarta ba ta rawa, kamar tana lissafa kayan miya. Jifa-jifa ina jin amsa ƙasa-ƙasa daga wayar, na'am, to Inna.

Sannan ta ce, "Sa'adda anka kai ka gidan Kaka, na biyo ka. Kullum da sahe sai in ce zan tahi itace, in zagayo in tsaya bayan rumbunta. Ina jin kukanka. Nono na zuba har shi jiƙa man zane, ina tsaye. Ban shiga ba, ba a shiga. Amma ina nan bayan rumbu har ka yi shiru. Ka ji? Ina nan."

Ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ko da yake bai taɓa yi mata komai ba. Ta ce shi ma ya yafe mata. Ta sa masa albarka. Daga nan ta ajiye wayar a kan gado, ba ta san yadda ake kashewa ba, ta fito ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta je ta durƙusa a gaban murhu.

Na ɗauka na ce, "Yaya."

"Malama, ba shi na ba." Ɗan Dingyadin ne, yana kuka. "Ya cika tun da hantsi. Da wayarshi nik kira in hwaɗa miki. Na buɗe baki tac ce kada in yi magana. Ban san yadda zan yi ba."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, don haka ake cewa. Na tambaye shi wa zai yi wanka, ya ce shi da wasu ɗalibai Larabawa da wani dattijo na masallacin garin. Na tambaye shi akwai maƙabartar Musulmi, ya ce akwai gefe guda da aka ware, amma ƙasa ta daskare, sai an kawo injin haƙa. Na ce to. Na ce masa in an tambaye shi, bayan la'asar Yaya ya cika. Ya ce, "Malama." Na ce abin da na faɗa ke nan. Na jira aka yi la'asar, na sa mayafi na bi hanyar fadama na sami Baba a bakin rijiyar ban ruwa na faɗa masa. Ya zauna a kan kunyar gona ya cire hularsa. Ni ina tsaye ina kallon yadda ruwa ke bin lambatu, har na lura akwai inda ya fashe yana zuba a banza.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, zaman makoki ba gawa. Mutane suka zo daga Shagari, daga Bodinga, malaman makarantarmu suka cika mota guda. Inna ba ta zauna karɓar gaisuwa ba, uwa ba ta zama don ɗan fari. Tana madafi tana tuƙa tuwon baƙi, in mace ta leƙa ta ce mata ya haƙuri sai ta ce da godiya, ta ƙara gari. Ƙanwata ashe ta ji wani abu a ranar, ta faɗa wa mata, maganar ta zagaya. Ana ta cewa Allah ya taimaki Inna, ta samu ta yi masa magana kafin ya cika, Allah ya taimaki yaron, ya tafi da albarkar uwa a kunnensa. In an faɗa a gabana sai in ce haka ne. Har yau ban ga abin da zan ce wanda ya fi wannan ba.

Na koma Bodinga na koma aji. Ina rubuta kwanan wata a allo, ina duba aikin gida, ina raba faɗa. Abokan aikina suna cewa ina da tawakkali. Ba tawakkali ba ne, ban san sunan abin ba. Ranar Asabar in gari ya waye sai in rasa abin yi da ƙafafuna, in wanke kayan da na riga na wanke.

Ba a daɗe ba yaƙi ya ɓarke a ƙasar Yukiren. Sai ga sunan gulbin a rediyo safe da yamma, an karya gada, waɗannan suna wannan gaɓa, waɗancan suna waccan. Maigidana yakan rage murya in na shigo, na ce ya bari, ba ya yi mini komai. Baba ya kira ni a wayar ƙanena ya tambaye ni ko ana jefa bam a maƙabarta. Na ce ban sani ba. Ya ce to, a gaida yara.

Ɗan Dingyadin ya fito da ƙyar, jirgin ƙasa, tafiyar ƙafa, iyaka, har ya iso gida ba takardar gama karatu, ba komai sai kayan jikinsa. Da ya huta ya kira ni ya ce yana son zuwa gaisuwa. Na ce ya biyo ta Bodinga mu tafi tare. Siriri ne, dogo, mai yawan sunkuyar da kai. A mota ya ba ni haƙurin bai taho da ko tsinken Yaya ba. Na ce ba komai. Na ce masa in mun shiga wajen Inna ya gaishe ta a taƙaice ya fito, kada ya ja zance. Ya ce in sha Allahu.

Baba ya karɓe shi a zaure, suka daɗe. Ya tambaye shi yadda aka yi wanka, da mutum nawa suka yi salla, da ko an fuskantar da shi alƙibla daidai. Ya amsa duka. Sannan na shiga da shi cikin gida. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana saƙar faifai. Ya cire takalmi daga nesa ya durƙusa.

"Inna, ina wuni. Ya haƙuri?"

Ta amsa. Ta tambaye shi mutanen Dingyadi, ta tambaye shi mahaifiyarsa, ta yi masa barka da fitowa daga cikin wuta. Yana amsawa da lafiya lau, da to Inna. Na fara gyara mayafi alamar mu tashi. Sai ta soke allurar a jikin faifan ta ɗago ta dube shi.

"Kai niy yi ma magana rannan."

Ba tambaya ta yi ba. Ya waigo ya dube ni. Ni kuwa ƙasa nake kallo, akwai wasu tururuwa suna jan ƙwayar gero.

"Ni na, Inna."

"Ya riga ya cika?"

"Ya riga."

Ban ga komai a fuskarta ba. Wata akuya ta zo ta sa baki a kabar da take saƙa da ita, ta kore ta da gefen hannu.

"Kai kay yi mishi wanka?"

"Ni da wasu."

"Abin da nic ce, ka hwaɗa mishi?"

"Na hwaɗa mishi, Inna. Sa'adda nika mishi wanka, na duƙa ga kunnenshi na hwaɗa."

"Mi kac ce?"

Ya ce ya faɗa masa ta kira sunansa. Ya faɗa masa ta yafe masa, tana neman ya yafe mata, ta sa masa albarka. Ya faɗa masa duk labarin gulbi ta ji, kuma ta san don ita yake yi. Tana gyaɗa kai a kan kowanne.

"Zancen rumbu hwa?"

Na ɗago na kafa masa ido. Duk mai hankali ya san abin da ake cewa a nan, kalma ɗaya ce, ba wanda zai tashi daga kabari ya ƙaryata shi. Da ni ce da tuni na faɗa. Amma yaron nan irin waɗanda aka yi wa tarbiyya ne har ta yi musu yawa. Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan gwiwarsa.

"Wanga ya kwance man, Inna. Hankalina bai tare da ni. Sai bayan an rufe shi nit tuna."

"To," ta ce.

Ta zare allurar ta nemi inda ta tsaya. Ta ce in dama masa fura, ya sha rana. Na tashi na ɗauko ƙwarya da ludayi, na zauna a gefe ina damawa, ba abin da nake ji sai sanyin nono a yatsuna. Shi yana durƙushe inda yake, ya kasa tashi. Ta yi saƙa ta kai layi guda, ta juya faifan.

"Shi ɗai nika son shi ji," ta ce.

Na miƙa masa furar. Ya karɓa da hannu biyu ya riƙe, bai sha ba.